Yatsu Biyu da Dogon Layi: Sake Kallon Fim ɗin Sicko

A farkon fim ɗin Sicko, wanda Michael Moore ya fitar a 2007, akwai wani Ba'amurke da zarto ya datse wa kan yatsu biyu. Ba shi da inshorar lafiya. Asibiti ya ce ɗinke na tsakiya dala 60,000 ne, na zobe kuma dala 12,000. Ya zaɓi na zoben. Masu cewa a bar majinyaci ya zaɓa da kansa a kasuwa, kamar mai sayen shadda, to ga irin zaɓin nan. Tun 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya nuna cewa majinyaci bai san abin da yake saye ba, likita ne ya sani. Balle a ce mutum ya tsaya taya farashi jini na zuba.

Inda muka raba gari da Moore shi ne bayan ya bar Amurka. Ya je Kanada, Birtaniya, Faransa da Kuba, ya yi musu kuɗin goro, alhali kowace da tsarinta. A Birtaniya, tun 1948 gwamnati ce ke riƙe da yawancin asibitoci. A Faransa kuwa likitoci da dama masu zaman kansu ne, mutum ya zaɓi nasa, inshorar ƙasa ta biya kaso mai tsoka. Ashe zaɓi da hannun gwamnati suna iya zama gida ɗaya, amma fim ɗin bai tsaya ya duba ba.

Sai batun layi. Mu da muke rubuta manhaja mun san idan buƙata ta fi ƙarfin na'ura, ko dai a kori wasu ko a sa su jira. Amurka tana kora da farashi, Kanada tana sa jira. A 2005, a shari'ar Chaoulli, Kotun Ƙolin Kanada ta soke haramcin inshora mai zaman kanta a lardin Kubek saboda tsawon jiran aikin tiyata. Moore kuwa ya leƙa ɗakin jira, wasu suka ce ba su daɗe ba, ya wuce abinsa.

A Kuba ya kai ma'aikatan ceton harin 11 ga Satumba wani asibitin Habana, aka karɓe su hannu bibbiyu. Mun so mu ga asibitin nan ranar da babu kyamara.