Gaɓa da Furucin Harɗaɗɗun Kalmomi: Abin da Littattafan Makaranta Suka Tsallake

Littattafan nahawu na makarantunmu sun daidaita a kan cewa gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Wannan bayani daidai ne. Inda gizo yake saƙar shi ne, kusan duk misalansu na kalma tilo ne, ba su kula da abin da yake faruwa idan kalmomi biyu suka harɗe.

Mu ɗauki farar-hula. A rubuce, gaɓa ta biyu "rar" ce. Amma mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum "hwa-rah-hu-la" zai ce, domin a karin harshen yamma mahaɗin mace yakan nashe ya koma kamar baƙin da yake biye da shi. Haka rigar-nono take zama "ri-gan-no-no". Yawan gaɓoɓin bai sauya ba, baƙin da ya rufe gaɓar ne ya sauya. Ko a Kananci ma gashin-baki "ga-shim-ba-ki" ake furta shi. Ke nan karan ɗori iyaka ce ta rubutu kawai, harshe ba ya tsayawa a kanta.

Abu na biyu shi ne karin sauti da tsawon wasali. A ƙare-dangi, aikatau ya saukar da sautinsa ƙasa, kuma wasalin ƙarshe na "dangi", wanda dogo ne, ya gajarce. Ƙa'idojin rubutunmu na yau da kullum ba su nuna ko ɗaya daga cikinsu, alhali Bargery ya nuna su a ƙamusunsa tun 1934. Matsalar ba tamu ce kaɗai ba: a harshen Norwe ana haɗe irin waɗannan kalmomi wuri guda, kuma raba su yakan juya ma'ana.

Illar wannan giɓi a kan ɗalibi take faɗawa. Yaron Gummi ya raba gaɓoɓi yadda kunnensa ya ji, malami ya ja masa jan biro, ya tashi yana zaton Hausar gidansu kuskure ce. A ganinmu, ya kamata marubuta su ware babi na harɗaɗɗun kalmomi, su jera furucin Zamfara kusa da na daidaitacciyar Hausa, a fara da kunne kafin a je ga allo.