Gyaran kwanson harsashi: abin da ke aiki da abin da ya zama al'ada

Galibin masu gasar harbi daga kan teburi a Amurka ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe. Da hannunsu suke ɗura shi, burinsu kuwa harsashi biyar su bi ta rami ɗaya daga nisan yadi 100. A 1973 Mac McMillan ya yi harbin da bambancinsa bai wuce inci 0.009 ba, kuma sai a 2013 Mike Stinnett ya karya wannan tarihi. Wanda ke neman irin wannan daidaito, ko ƙurar da ke kan kwanso zai iya zargi.

Kwanson tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Duk lokacin da aka harba, sai ya kumbura ya cika mazauninsa a bindiga, idan aka matse shi don sake amfani kuma ya ƙara tsawo, ya ƙara tauri. Daga nan ayyukan da ke da hujja suka samo asali. Ana datse bakinsa, domin idan ya yi tsawo zai danne kan harsashin, ƙarfin fashewar ya wuce kima. Ana gasa wuyansa don ya yi laushi, kamar yadda maƙeri ke mayar da tagulla wuta idan ta gaji da guduma, amma gindin ba a bari zafi ya kai shi, don da taurinsa yake riƙe wutar. Wuyan da ya yi tauri tsagewa yake yi. Sojojin Ingila sun ga haka a Indiya, inda kwansayen da aka ajiye kusa da bargar dawakai suka riƙa tsagewa da damina. A 1921 aka gano iskar fitsarin dawakai ce ke cin tagullar.

Sauran ayyukan ne nake da ja a kansu. Za ka ga mutum ya zauna da ma'auni yana ɗora kwanso ɗaya bayan ɗaya, yana jera su gida-gida bisa nauyi, sannan ya zura ɗan ƙarfe ya kankare ramin da wuta ke bi, ya fere wuyan har kaurinsa ya zo ɗaya ta kowane gefe. Ferewar tana da dalili a bindigar da aka yi wa matsattsen mazauni, irin masu cin harsashin 6mm PPC da Louis Palmisano da Ferris Pindell suka ƙirƙiro a 1975. A bindigar kanti fa? Kwafa kawai aka yi daga zakaru. Nauyi ma ba ya nuna faɗin cikin kwanso kai tsaye, alhali faɗin ne ke da tasiri.

Matsalar tana wajen gwaji. Mutum ya harba biyar, ya ga sun haɗu, shi ke nan ya yanke hukunci. Injiniyoyin kamfanin Hornady sun yi ta jan hankali cewa harbi biyar ya yi kaɗan, sa'a ma tana iya haɗa su. Ga iska, ga zafin bututu, ga hannun maharbi. Kwansayen kamfanin Lapua na Finlan kuma suna fitowa daga masana'anta kusan a daidaice, ta yadda kankarar da ake musu ta gadon zamanin da kayan ba su kai haka kyau ba ce.