Jan Allin Iacovleff da Sarakunan Ƙasar Hausa

A ƙarshen 1924 motocin Citroën takwas suka ratso Sahara daga Colomb-Béchar, suka bi ta Yamai da Tasawa suka sauka Damagaram, daular da Kance ta daɗe a ƙarƙashinta. Cikin ayarin akwai mai zane Alexandre Iacovleff, wanda aka haifa a Saint-Petersburg a 1887, ya koyi zane a can, daga baya ya koma Paris, inda ya rasu a 1938.

Kafin zuwansa, masu sabon salo irin su Matisse da Derain sun riga sun ɗauki sassaƙen Afirka a matsayin makamin karya tsohuwar ƙa'idar zane. Siffa suka ara, ba su damu da mai ita ba. Iacovleff kuwa mutum ya zo nema. Da jan alli da gawayi yake aiki, hannunsa na da sauri, layinsa a tsaye. Yakan ƙare ƙarfinsa a kan ido da ƙashin kunci da naɗin rawani, ya bar riga da layi biyu ko uku. Haka ya zana Barmu na Tasawa, da shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi, da Sarkin Damagaram Barma Mustafa, kowa da sunansa a ƙarƙashin hotonsa. An baje zanen a Paris a 1926, aka buga kundinsu a 1927.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne abin da allin ya ƙi faɗa. Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906, ba su mayar da sarautar ba sai 1923, kuma a 1926 suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Sarkin da ke zaune cikin kwarjini a takarda, ikon ƙasarsa na hannun kwamanda. Tafiyar kanta tallar mota ce da ta mulkin mallaka, kuma zanen ya yi mata ado.

Duk da haka ba a raina aikin ba. Rahoton Bature na lokacin haraji da ƙidaya yake lissafawa. Iacovleff ya bar wa jikokin waɗannan mutane fuskokin kakanninsu. Mai kallo daga Kance zai gane rawanin nan take, amma ya kyautu ya tambayi wanda ya biya kuɗin allin.