Jinjina ga Masu Awon Akwatin Imel

Malamin da ya buɗe imel a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, in ya tarar da saƙonsa ya iso, akwai bayin Allah da suka cancanci godiyarsa: ma'aikatan sashen kwamfuta.

Kowane akwati da iyakarsa. Ko Gmail gigabait 15 yake bayarwa kyauta. In akwati ya cika, saƙo kan koma hannun wanda ya aiko, mai akwatin kuwa bai ma sani ba. Shi ya sa ma'aikatan suke bin asusu ɗaya bayan ɗaya, suna duba abin da aka ware wa kowa, abin da ya cinye, da yawan saƙon da aka yarje masa a awa guda. Kamar masu awon gero ne, ba sa barin rabon wani ya zube a buhun wani. In asusu ya fara watsa dubban saƙonni da tsakar dare, su ke gane an sace kalmar sirri, su toshe shi kafin sauran duniya ta daina karɓar wasiƙun ma'aikatar baki ɗaya.

Ga zafin bazarar Yobe, ga ƙurar hunturu tana shiga na'ura, haka suke jurewa. Allah ya saka musu da alheri.