Judi Dench a Afirka ta Yamma: Sharhi a Kan Dariyar 'Yan Kallo

Manufar wannan takarda ita ce duba wani zango guda a rayuwar Judi Dench, 'yar wasan kwaikwayon Ingila, watau rangadin da ta yi a Afirka ta Yamma cikin 1963, da kuma auna abin da ya faru a kan ma'aunin wasanninmu na gargajiya.

An haifi Dench a 1934, ta fara fitowa sosai a dandalin Old Vic na Landan a 1957, inda ta fito a matsayin Ophelia cikin Hamlet. A 1963 ƙungiyar Nottingham Playhouse, wadda John Neville ke cikin jagororinta, ta zo Nijeriya da Gana da Saliyo a ƙarƙashin British Council. Dench ce ta fito a matsayin matar Macbeth. A lokacin ƙasashen nan uku duk sun sami mulkin kai, amma Shakespeare na nan daram a manhajar sakandare, don haka ɗalibai na cikin waɗanda aka nufa da wasan.

Ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa duk inda magana ta zo da amsa-amo, sai 'yan kallo su kece da dariya, har a wurin da matar Macbeth ke yawo cikin barci, alhakin kisa na cin ta. Mai saurin hukunci zai ce jahilci ne. A ganina ba haka ba ne.

Mu ɗauki garuruwa irin su Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe gida-gida, ba labule, ba kujeru, ba iyaka tsakanin mai wasa da mai kallo. Jama'a na amshi, suna tsoma baki, suna ba da tukuici nan take. Haka ma 'yan kama, waɗanda ke kwaikwayon malamai suna sarrafa magana a kan abinci: gwanintarsu tana ga dacewar ƙarshen kalmomi, ladarsu kuwa dariya ce. Wanda ya tashi cikin irin wannan tarbiyya, in ya ji amsa-amo, ya ji gwaninta ke nan, kuma yin shiru a gaban gwani rowa ce. Ba Hausawa kaɗai Dench ta yi wa wasa ba, amma wannan ɗabi'a ta shiga cikin wasa ta game al'ummomin yankin da dama. Ashe dariyar nan shaida ce ta kunne mai kaifi.

Sai dai dole a faɗi gaskiya: an yi hasara. Tausayin da Shakespeare ya gina a wurin ya zube, domin salon da ya ɗauko baƙin ciki a Turance, a kunnen mai sauraro ya faɗa gidan raha. Laifin yana ga masu shirya rangadin da suka kawo wasa ba tare da nazarin masu karɓarsa ba.

Darasin yana kan masu fassara. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu a 1971, kuma zaɓin ya dace, gama mace mai shigar maza ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tashen Mairama da Daudu, inda 'yan mata ke fitowa a miji da mata. Wasan ban tausayi kuwa sai an nemo masa murya daga waƙoƙin wa'azi da na marsiyya, inda amsa-amo ke sa jiki sanyi.

A ƙarshe, Dench ta sake ɗaukar matar Macbeth a 1976 tare da Ian McKellen, a ƙaramin ɗaki inda 'yan kallo suka kewaye masu wasa. Wannan zama, wanda aka yaba a Ingila, shi ne tsarin da ɗan tashe ya gada tun kaka da kakanni.