Wa Ya Gaya Maka? Tsokaci A Kan Kundayen Tarihi Na Ɗalibai

A hutun da ya wuce na zauna na karanta kundaye bakwai da yayyenmu suka rubuta a kan tarihin garuruwansu don neman digiri. Biyar daga ciki sun buɗe da Bayajidda da rijiyar Kusugu, sa'an nan jerin sarakuna, sa'an nan yawan makarantu da asibitoci. In ka goge sunan garin, da wuya ka gane na wane kake karantawa. Ba na ɗora laifin a kan ɗaliban kaɗai. A darasin dabarun bincike an koya mana yadda ake tsara babi, da inda ake sa godiya, da faɗin gefen takarda, amma ba a zaunar da mu ko da sa'a guda a gaban wata tsohuwar takarda an ce mu auna ta ba.

Alal misali, mu ɗauki Tarihin Kano, watau littafin nan na Larabci da Palmer ya fassara da Turanci a 1908. Kusan kowane kundi zai ce Bagauda ya hau sarauta a shekarar 999, kamar marubucin yana wurin aka naɗa rawanin. Alhali kuwa littafin tsawon mulkin kowane sarki kawai ya bayar. Palmer ne ya tara shekarun ya yi lissafi da baya. In an yi kuskure a sarki ɗaya, duk waɗanda suka gabace shi sun goce. Bugu da ƙari, masana irin su Murray Last da John Hunwick sun nuna an harhaɗa littafin ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Tsakanin mai rubutun da Bagauda ke nan akwai kusan shekara 900. Wannan bai sa littafin ya zama ƙarya ba, sai dai ya wajaba ɗalibi ya tambaya: wa ya rubuta, don wa, kuma daga ina ya ji?

Abin takaici shi ne, tuni aka share mana wannan hanya. Tun a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya yi jayayya da masu cewa zuwan baƙo guda ne ya haifar da daulolin Hausa, ya ce a dubi yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, saboda noma da tama da kasuwa da tsaro. Dokta Yusufu Bala Usman kuwa, mai littafin tarihin Katsina na 1981, bai bar ko Barth ba. Sai da ya bincika da waɗanne mutane Baturen ya zauna a Katsina, da wane tunani ya zo da shi daga ƙasarsu, kafin ya yarda da maganarsa. Mu kuwa da mun ga abu a buge da Turanci, shi ke nan an rufe magana.

Sai kuma batun hira da dattawa, wanda a nan ne ya kamata mu 'yan sashen Hausa mu yi zarra, tun da harshen namu ne, mun kuma san kirari da take da zambo. Ni kaina na taɓa shafe yini guda ina ɗaukar maganar wani tsoho a garinmu, ina murna na samo abin da babu a littafi. Da na dawo sai na iske labarin kusan kalma da kalma a cikin Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Ashe a makarantar elementare aka karanta musu shi! Da an koya mini in fara tambayarsa inda ya ji, da ban yi asarar yinin ba. Haka kuma duk kundayen nan bakwai a fada suka yi hirarsu. Ba wanda ya je marina ko maƙera, ba wanda ya shiga cikin gida wajen tsofaffin mata, waɗanda ke riƙe da labarin yunwa da ƙaura da auratayya.

Malamanmu, gafara dai, roƙona shi ne a ware zango guda a koya mana karatun ajami sosai, a kai mu Gidan Arewa da ma'adanar takardun gwamnati a Kaduna, a ba kowa takarda ɗaya ta Razdan da waƙa ɗaya ta fada a kan al'amari guda, a ce ya faɗi inda suka saɓa da dalilin saɓanin.