Kiɗan Maza da Ma'aunin Ɗalibi

Duk wanda ya leƙa ɗakin da ake ajiye kundayen ɗalibai a sassan Hausa na jami'o'inmu zai ga makaɗan fada su suka ci kasuwa. Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Zamfara kaɗai ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ga kuma Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, wanda ya kai ga sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi kafin rasuwarsa a 1973. Waƙar fada tana da daɗin nazari: ga asalin sarki, ga habaici ga 'yan sarki, ga amshi a tsare kamar an gwada da igiya. To, amma ƙasar nan tana da wani kiɗa wanda ba a yinsa a ƙofar fada, watau kiɗan maza, na 'yan dambe da 'yan tauri da mafarauta, har da ɓarayi. Shi ma mukan taɓa shi jefi-jefi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ma'aunin da muke ɗora shi bisa, domin ni a ganina da mudun gero muke auna garwashi.

Ga yadda muke yi. Ɗalibi ya sami kaset ko ya kwafi waƙar Ɗan'anace ko ta Kassu Zurmi a waya, ya zauna a ɗaki ya rubuce ta layi-layi, ya fitar da turke, ya ƙirga ɗiya, ya tsamo kamance uku da karin magana biyu, sa'an nan ya rufe da cewa makaɗin yana da hikima. Kiɗa kuwa sai a sallame shi da jimla guda, a ce da kalangu yake amfani. Laifin ba na littafi ba ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, bai raba waƙa da kiɗanta da rerawarta ba. Mu ne muke tsallake wurin, don ya fi wuya, kuma ba a yinsa daga kan kujera.

Bari in ɗauko misali daga nesa, ko ya haska mana na gida. Akwai wani kiɗa na Turawa da ake kira hebi-metal, ma'anarsa ƙarfe mai nauyi. A Bamingam ta Ingila ya yi tushe, garin maƙera da masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, lebura ne a wata masana'antar ƙarfe, har inji ya datse masa kan yatsu biyu. Don ya rage zafin danna tsirkiya sai ya riƙa sassauta ta, sautin ya yi ƙasa ya yi kauri, wannan kaurin kuwa ya zama alamar kiɗan. Har yau a manyan biranen duniya masu sonsa sukan taru da dare a 'yan ƙananan mashaya, wasu a ƙarƙashin benaye, nesa da rediyo da manyan kamfanoni. Ƙara ake saki har ƙirji ya riƙa amsawa, mawaƙi yana gurnani, samari suna kaɗa kai suna bangazar juna. Wanda ya rubuta kalmomin waƙar ya kai wa malaminsa, ba zai kai komai ba sai mutuwa da kabari da wuta. Abin da ya tara mutanen yana can an baro shi a ɗakin. Kuma cikin wannan turmutsitsi suna da ƙa'ida, in wani ya faɗi sai a tsaya a ɗaga shi.

Ban kawo wannan don in ce Kassu ɗan'uwan Turawa ba ne, ko kuwa kiɗanmu sai ya sami takwara a Ingila zai yi daraja. Na kawo shi don matsalar mai nazari iri ɗaya ce. Mu ma namu kiɗan na masu aikin ƙarfi ne. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kalangu kuma gangarsu ce. Da kaka, in an kai amfani gida, sai 'yan dambe su bi kasuwannin ƙauyuka da bukukuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, sai garin ya cika da 'yan dako da leburorin auduga da gyaɗa, daga baya kuma da ma'aikatan masaƙa. Mutumin da ya wuni yana saɓa buhu ba zai nemi waƙar da ke jero kakannin hakimi ba. Wanda zai kira sunan wani talaka irinsa, ya ce duk faɗin ƙasa ba namiji kamarsa, shi yake nema. Ƙarfen Turawa ma ai a suna ya tsaya. Ɗan tauri kuwa wuƙa ce ta gaske yake gogawa a wuyansa.

Kalmar da ya kamata ta zama tsakiyar nazarinmu ita ce tsuma. Kowane ɗan wasa da ya isa yana da takensa. Makaɗi ya matse kalangu a hammata ya saki taken, kafin ya buɗe baki mai taken ya riga ya miƙe, jiki na ɓari, ya ɗaga hannu ya shiga kirari. Na sha ganin haka a filin dambe a Gusau, kuma ban taɓa ganin kundin da ya bayyana yadda sandar kiɗi take yin wannan aiki ba. Ɗan'anace gwani ne a nan. Muryarsa ba ta gaggawa, kusan magana yake yi, yana ambaton mutuwa da mazan da suka riga mu kamar mai ba da labarin kasuwa, kalangai kuwa a ƙarƙashinsa suna ta ingiza mutum. Tsakanin sanyin muryar da zafin kiɗan, nan waƙar take. In ka zare kiɗan ka bar kalmomi, abin da ya saura wa'azi ne kan mutuwa, alhali shi Shago da aka yi wa waƙar ba tuba ake nema ya yi ba, fita fili ake so ya yi.

Takarda ma takan yi mana ƙarya ƙiri-ƙiri. A bakin 'yan dambe, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa an ce ya kashe shi, faɗuwar kuwa ita ce kisa. Da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa wasa ya ƙare, a raba su, wanda aka kashe ya kakkaɓe ƙura ya koma cikin 'yan ɓangarensa, gobe ya sake ɗaure hannu. Ɗalibin da bai taɓa tsayawa a da'irar ba zai ƙirga kisa goma a waƙa ɗaya ya rubuta cewa turkenta zubar da jini.

Wannan ya kawo mu ga tuhumar da ta fi nauyi, cewa irin wannan kiɗa shi ke koya wa yara ta'asa. Tsohuwar tuhuma ce, kuma ba mu kaɗai ke yinta ba. A 1990 an gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a kotu a Amurka bisa zargin waƙarsu ta sa wasu samari biyu harbin kansu, kotu ta wanke su. A Alƙahira a 1997 an kama matasa masu yawa masu sauraron hebi-metal da zargin bautar Shaiɗan, a Kasabalanka kuma a 2003 aka yanke wa mutum 14 hukuncin ɗauri kan irin wannan zargi. A can, mai kare kiɗan yana iya ɗaga kafaɗa ya ce wasa ne. Mu a nan ba mu da wannan sauƙi. Wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da addu'a a bakinsa, ko wanda aka kori iyayensa daga gona a ƙasar Bunguɗu, in ya ji ana zuga namiji da makami a hannu yana da haƙƙin ya tambaye mu. Ga shi kuwa a shekarun nan har waƙar yabon wani ƙasurgumin ɗan bindiga ta yi yawo a wayoyin mutane.

Amsar ba ta cikin kalmomi, domin kalmomin zuga kusan ɗaya ne ko wa ake yi wa. Tana cikin fili. A dambe, wanda za a buga shi ma ya ɗaure hannunsa ya shigo da ƙafarsa, ga alƙali, ga jama'a sun kewaye, ga ƙa'idar da ke tsayar da faɗa. Ɗan tauri jikinsa yake gwada wa kaifi, yana kuma da sarki da yake jin maganarsa. Waƙar ɗan bindiga ba ta da da'ira. Wanda ake yi wa barazana a cikinta manomi ne da ba a tambaye shi ba, babu mai rabawa, wanda aka kashe kuwa ba ya tashi ya kakkaɓe ƙura. Mai nazarin da ya tsaya kan takarda ba zai iya raba waɗannan biyu ba, ko dai ya haramta duka ko ya halatta duka.

Sai dai ba zan ɓoye ba, Gambu na Fagada ya tsaya mini a maƙogwaro. Mafi yawan masu sauraronsa a tasha da teburin mai shayi ba su taɓa satar allura ba, dariya suke yi da jin yadda yake juya Hausa, kuma ta bakinsa mutane da yawa suka san dabarun ɓarayi suka tsare kayansu. Duk da haka, mutanen da yake wasawa ba da yardar mai kaya suke shiga ɗaki ba. A ma'aunin da na kawo, fasaharsa ta haye, filinsa bai haye ba. Kassu ma da yake haɗa 'yan tauri da mafarauta da ɓarayi, sai an bi waƙoƙinsa ɗaya-ɗaya, ba a yi musu kuɗin goro ba.

Filin nan kuwa kullum ƙanƙancewa yake yi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoba 1999 aka rufe gidajen giya da makamantansu, inda masu goge da kukuma suka saba kwana suna kiɗa. Ba kiran a buɗe su nake yi ba, amma tarihin waƙa yana bukatar a rubuta inda aka yi ta da waɗanda suka saurara. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci saboda tsaro, ƙauyuka da yawa kuma sun daina taron dare don kansu. Tsofaffin masu kalangu da suka san taken mazan jiya suna nan a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wasu sun koma kiɗan biki, wasu sun rataye. Ɗan ƙungiyar nan da zai yi kundi bana ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya sa shi ya kaɗa take goma ba tare da waƙa ba, ya faɗi mai kowanne da garinsu da wanda ya kashe. In kuma ya sami zuwa gidan dambe, ya tafi da na'ura biyu, ɗaya kusa da bakin kalangu, ɗaya tana fuskantar 'yan kallo.